Darasi: Matasa da Sanin Lafiyar Jikinsu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware shekarun da ke tsakanin 10 da 19 a matsayin zango na musamman, lokacin da yaro ya fita daga ƙuruciya amma bai gama zama babba ba. A cikin waɗannan shekaru ne murya take buɗewa, jinin al'ada yake zuwa, zuciya take fara son abin da da ba ta damu da shi ba. A cikinsu ne kuma, a ƙasar Hausa, ake fara ɗora wa yaro nauyin lafiyar wasu. Shi ake miƙa wa kuɗi ya je kemis ya sayo wa kakarsa maganin hawan jini. Ita take goya ƙaninta zuwa wurin rigakafi, ita take kula da shi idan gudawa ta kama shi, wata ma kafin ta cika 18 tana ɗakin miji da ciki. Saboda haka fahimtar matashi game da lafiya bukata ce ta yau, ba ta ranar da zai girma ba.

Sanin lafiya da ake nufi a nan ya wuce haddace sunayen cututtuka. Shi ne mutum ya iya nemo bayani game da jikinsa, ya gane shi, ya auna gaskiyarsa, sannan ya yi aiki da shi. Masanin lafiyar al'umma Don Nutbeam, a wani rubutu da ya fitar a shekarar 2000, ya kasa wannan sani hawa 3. Na ƙasa shi ne iya karanta umarni da binsa. Na tsakiya shi ne iya magana da ma'aikacin lafiya, a bayyana masa ciwo, a tambaye shi abin da ba a gane ba. Na sama shi ne tantancewa, wato mutum ya ji magana ya tsaya ya duba wanda ya faɗe ta da abin da yake nema da ita. Abubuwa da dama suke ɗaga matashi zuwa hawan sama ko su bar shi a ƙasa: zurfin karatunsa, harshen da ake ba shi bayani da shi, abin hannun iyayensa, abokansa, wayar da ke aljihunsa, da irin tarbar da yake samu a asibiti. Amma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya fi su duka, a ganina, shi ne ko matashin yana da wani babba da zai iya tambaya ba tare da tsoron zagi ko zargi ba. Ku da kuke wannan aji mafi yawanku iyaye ne, ko yayye, ko kawunnai da gwaggonni, don haka maganar taku ce kai tsaye.

Karatu da harshe

Ɗauki kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro irin wanda ake bayarwa a asibitocinmu. A jikinsa akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC, akwai ranar da zai daina aiki, wadda ake bugawa a gaban haruffan EXP. A ciki akwai 'yar takarda a nannaɗe, rubutunta ƙanana ƙwarai, da Turanci, a Nijar kuwa galibi da Faransanci. Ƙa'idar maganin ita ce a sha sau 2 a rana har kwana 3, bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai. Yaron da aka aika, idan bai iya karatu ba, abin da zai kawo gida shi ne abin da kunnensa ya riƙe daga bakin mai kemis, ko 'yan zanen biro da aka yi masa a bayan kwali. Ran kwana na biyu zazzaɓi ya sauka, sai a ajiye sauran ƙwayoyin don gaba. Bayan mako biyu ciwo ya dawo, a ce wannan zazzaɓin ba ya jin maganin asibiti, ko a ce taifod ne, ko shawara. Babu wanda ya yi ganganci a gidan. An dai rasa mai karanta layi ɗaya da mai bayyana dalilinsa.

Alƙaluma ma sun nuna nauyin makaranta. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya gano kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari. Cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba kashi 44 ne, cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1. Ba karatu kaɗai ya haifar da wannan tazara ba, domin wadda ta daɗe a makaranta galibi iyayenta sun fi wadata kuma asibiti ya fi kusa da su. Duk da haka mai karatu tana iya duba katin awo da kanta, ta san ranar komawa ba sai ta jira wani ba.

Sai dai makaranta, yadda take a yau, ba ta isa ba, kuma ciwon sikila shaida ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irinsa a jini ba tare da yana ciwo ba, wato mai AS. Ɗalibin sakandare yana koyon wannan da Turanci, ya zana akwatin lissafin gadon jini mai gida huɗu a littafinsa, ya ci jarrabawa. Tambaye shi nasa jinin, AA ne ko AS, sai ya ce maka shi O ne, domin ya haɗa gwajin sikila da gwajin rukunin jini da ake yi idan za a yi ƙarin jini, alhali kowanne daban ne. Wani kuma ya fahimci cewa idan AS ya auri AS, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ciwon, don haka idan na fari ya zo da shi sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, kowanne yana da yiwuwar 1 cikin 4, shi ya sa ake samun gidan da yara uku a jere duk SS ne, wato masu ciwon, ake kuma samun gidan da ba ko ɗaya. An koyar da darasin a harshen da yaro yake amsa jarrabawa da shi, ba wanda yake tunanin aure da shi ba, kuma babu wanda ya ce masa maganar jikinsa ake yi.

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da na sikila, na ƙanjamau da na ciwon hanta. Mataki ne mai kyau, amma a duba lokacin da yake zuwa. An kai gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, dangi sun ɗinka anko, zukata biyu sun riga sun ɗauru. A wannan gaɓar takardar gwaji ta zama abokiyar gaba. Da yaron da yarinyar sun san jininsu tun suna shekara 13 ko 14, da tambayar ta zo tun farkon zance, lokacin da rabuwa ba ta da ciwo sosai. Doka ba ta kai nan. Uba ko uwa ne za su kama hannun ɗan shekara 13 su kai shi a gwada, su zauna su bayyana masa ma'anar haruffan biyu.

Gida da kunya

Kunya ado ce a tarbiyyar Bahaushe, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita. Uwa tana kunyar ɗanta na fari har ba ta kiran sunansa, uba ba ya zama ya yi wa 'yarsa maganar balaga. Amma magabatan da suka gina wannan kunya ba su bar yaro ba mafita ba. Sun bar masa kaka, wadda wasan da ke tsakaninta da jika yake ba shi damar faɗin abin da ba zai iya faɗa wa uwa ba. Sun bar wa yarinya gwaggo da inna da yayar da ta yi aure, sun bar wa yaro kawu da malamin zaure. A babban gida na gandu duk waɗannan suna kusa. Yau ma'aikaci ko ɗan kasuwa yana zaune a ɗaki biyu na haya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, shi da matarsa da 'ya'yansa, kaka tana ƙauye, gwaggo tana wani gari, sai da salla ake haɗuwa. Kunyar ta biyo su birni, mutanen da suke sauƙaƙa ta ba su biyo ba. Daga nan ake samun yarinyar da jinin al'ada zai zo mata karon farko ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Ta ɗauka ciwo ne ko wani laifi ta yi, ta ɓoye, ta yi ƙunzugu da tsumman da ba ya bushewa sosai domin a bayan ƙyaure take shanya shi kada a gani. Ba ta san yana bukatar sabulu da zafin rana ba. Ba ta san ɗan ciwon mara ba abin tsoro ba ne, amma zubar jini mai yawa ko wanda ya wuce mako guda abin a kai ta asibiti ne. Idan jininta ya yi ƙasa ta fara jiri da kasala, sai a kira abin ƙyuya.

A nan ne iyaye da yawa suke tsayawa su ce, idan aka buɗe wa yara wannan magana ai an buɗe musu ido, an koya musu abin da ba su sani ba. Damuwa ce ta gaskiya daga mutanen da suke son 'ya'yansu, kuma ta cancanci amsa. Amsa ta farko tana cikin makarantunmu na addini. Littafin Ahalari, wanda ake farawa da shi a fiƙihun Malikiyya, yana bayanin jinin haila da jinin biƙi da abubuwan da ke wajabta wanka, haka ma Risala. Malamai sun daɗe suna fassara waɗannan babuka da Hausa a zaure, ba su ɗauki hakan ɓata tarbiyya ba, domin sallar baligi ba ta inganta sai ya san jikinsa. Idan ya halatta a yi wa yarinya bayanin haila saboda ibadarta, bayanin tsabtarta da alamun ciwonta bai zama abin kunya ba. Amsa ta biyu ita ce shirun iyaye ba ya hana tambaya tasowa. Tambayar matashi kamar ruwan sama ce a kan soro: idan indararo ya toshe, ruwan ba ya komawa sama, bango yake bi ya shiga ɗaki. Zaɓin da ke gabanku shi ne wa zai ba shi amsa, ku ko wani.

Samari sun fi shiga wannan hali, ko da yake ba a cika lura ba. Yarinya, ko ba komai, al'ada da ciki suna tilasta wa wata mace ta yi mata magana wata rana. Yaro kuwa daga ranar da ya bar ɗakin uwarsa ya koma shago, makarantar lafiyarsa ta zama majalisa, da garejin da yake koyon aiki, da teburin mai shayi. A nan yake jin cewa ƙwaya kaza tana sa a yi aikin ƙarfi yini guda ba gajiya, wata tana kawar da damuwa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol suka sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari irin mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan wani rahoton bincike na BBC. Abin lura shi ne waɗannan magunguna ne, a kwalba da kwali irin na asibiti. Yaron da ba zai taɓa kusantar giya ba saboda ya san haram ce yana iya haɗiye tiramadol mai ƙarfin miligiram 225 da zuciya ɗaya, domin a saninsa abin da ake sayarwa da sunan magani ba ya cutarwa. Ba wanda ya gaya masa cewa wanda hukuma ta amince da shi 50 ne ko 100, shi ma da takardar likita, ko cewa yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da shi har mutum ya kasa tashi sai da shi. Wa'azi a kan haramcin maye yana da amfani, amma yaron nan bai ɗauki abin da yake sha maye ba. Bayanin abin da ƙwayar take yi a jikinsa ne bai samu ba.

Waya, jita-jita da amana

A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Jama'a suka riƙa tashin 'yan'uwansu kafin asuba suna faɗa musu, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2. Abin da ya ba saƙon ƙarfi shi ne daga bakin masoyi yake zuwa. Yau Facebook da WhatsApp da TikTok cike suke da masu bayanin lafiya da Hausa. Cikinsu akwai likitoci na gaske masu aikin alheri, akwai kuma masu tallar man bilicin da maganin ƙiba da haɗin da ake cewa yana warkar da basir da sanyi da taifod da ciwon suga a kwalba ɗaya. Waya ta kawar da shingen karatu, domin saƙon murya da bidiyo ba sa bukatar boko. Ta kuma kawar da kunya, domin ba ta kallon fuskar mai tambaya. Waɗannan biyun su ne abin da matashi ya rasa a gida da makaranta, shi ya sa ya rungume ta. Ƙwace wayar ba zai magance komai ba, ta abokinsa tana nan. Abin da yake bukata shi ne ya saba tambayar kansa: wa yake wannan magana, kuma akwai lambar asusun banki a ƙarshenta? Magani ɗaya mai warkar da cuta goma, da sirrin da aka ce likitoci suna ɓoyewa, da saƙon da ke cewa a tura wa mutum 20 kafin gari ya waye, alamu ne da ɗan shekara 12 zai iya ganewa, idan ya saba ganin babba yana tsayawa ya bincika kafin ya tura.

Matashi yana gadon yardar iyayensa, yana kuma gadon rashin yardarsu, kuma rashin yardar nan tana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyalai suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da da sun rabu da ita. Shigowar sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, mutanen da jama'a suka sani, tana cikin manyan abubuwan da suka gyara lamarin, har aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Yau irin wannan jarrabawa tana kan 'yan mata. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wadda a 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a ƙasar ta kashe kimanin 8,000. Allura ɗaya ce, kyauta, amma tsohuwar jita-jitar hana haihuwa ta dawo. Uban da yake riƙe da labarin 1996 bai yi wauta ba don ya yi tambaya. Abin da ya kamata 'yarsa ta gani shi ne ya ɗauki tambayar ya kai wa wanda ya sani, malamar asibitin unguwa ko likitan da ya yarda da shi, ya saurari amsa sannan ya yanke hukunci. Yarinyar da ta ga haka ta koyi yadda ake yi da shakka.

Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kason. Matashiya ta daure ta yanki kati, ta bi layi tun safe, ta shiga ɗakin da ƙofarsa take buɗe, mutane suna jira a baki. Idan ciwon a gabanta yake, abin da za ta fara ji shi ne “Kina da aure?” da muryar da kowa zai ji. Ƙaiƙayi da fitar farin ruwa sau da yawa ba su da alaƙa da namiji ko kaɗan, amma wadda aka kunyata sau ɗaya ba za ta koma ba. Sai ta nufi kemis, inda ba layi, ba kati, ba tambaya, ana kuma yanko magani gwargwadon kuɗin hannu. Masu kemis da yawa mutanen kirki ne, a wasu ƙauyukan ma su kaɗai ne a kusa, amma lasisinsu na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na gano cuta ko yin allura ba. An san aiki ya yi wa malaman asibiti yawa. Duk da haka wanda ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya yi bayani da Hausa, sannan ya ce “Maimaita mini yadda za ki sha,” minti biyu kawai ya ƙara, ya kuma rage masu dawowa da ciwon da ya ta'azzara.

Talauci da iko

Akwai suka mai ƙarfi da ba za a tsallake ba. Wani zai ce duk wannan maganar masu ƙoshi ce: wanda ya san maganin kwana 3 ake sha amma kuɗin na kwana ɗaya gare shi, me sani ya ƙara masa? Yarinyar da ta san amfanin audugar mata amma ba ta da kuɗinta fa? Gaskiya ne. Sani ba ya gina asibiti, ba ya zuba magani a kanta, ba ya gyara hanyar da damina ta yanke, kuma bai kamata hukuma ta fake da wayar da kai ta guje wa nauyinta ba. Amma talaka ne ya fi kowa asara idan bai sani ba, domin ba shi da kuɗin yin kuskure sau biyu. Shi ne yake ƙarar da ɗan abin hannunsa a ƙarin ruwa da allurar da ba a bukata, saboda an saba ɗaukarsu magani mai ƙarfi, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai nuna cikin minti 15 zuwa 20 ko cizon sauro ne ko a'a. Abubuwa da yawa masu ceton rai kuma kyauta ne ko kusa da haka: rigakafi, kwana a gidan sauro, wanke hannu da sabulu, ƙunshin ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki da ita, yara da matasan da ba su cika rigakafi ba ta fi kamawa, alhali allurarta tana cikin waɗanda aka daɗe ana yi kyauta.

Sukar tana da wani ɓangare da ya fi na kuɗi nauyi, wato iko. A Jamhuriyar Nijar, ƙididdigar UNICEF ta nuna kusan 'yan mata 3 cikin 4 ake aurarwa kafin su cika 18, a arewacin Najeriya ma auren wuri ya yawaita. Amarya 'yar shekara 16 tana iya sanin cewa kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da zubar jini alamun haɗari ne ga mai ciki. Tana iya sanin doguwar naƙuda tana kashe jariri ta bar uwa da yoyon fitsari. Amma ba ita take ba da izinin fita ba, ba ita take riƙe da kuɗin mota ba, kuma an koya mata cewa dauriya a haihuwar fari ita ce mutunci. Idan miji ya tafi cirani, uwar miji kuma ta ce a ƙara jira, saninta ya tsaya a bakin ƙofa. Wannan bai sa a daina koya mata ba. Ya dai nuna dole a koya wa mijin da uwar mijin abu ɗaya da ita, miji kuma ya bar izini da kuɗin mota tun cikin yana wata bakwai, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa, domin ranar da abin zai zo kada a tsaya nemansa a waya. Sau da yawa mijin nan shi ma ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne, wanda ya taso a majalisa ba wanda ya taɓa yi masa wannan bayani.

Wani cikinku zai ce shi kansa bai san amsoshin ba, yanzu ma yake koyon karatu. Ba a nemi ku zama likitoci ba. Yadda aka karɓi tambayar farko shi yake nuna ko za a kawo ta biyu. Idan yaro ya ce yana jin zafi wurin fitsari aka fara da “Ina ka je?”, an rufe bakinsa. Idan aka ce “Tun yaushe? Ban san maganinsa ba, amma shirya mu je mu tambaya,” ya koyi cewa rashin sani ba abin kunya ba ne kuma akwai inda ake kai shi. Wanda nauyin baki ya hana shi, ya zaɓi wakili, gwaggo ko yaya ko malamar Islamiyya ko kawu, ya gaya wa wakilin, ya kuma gaya wa yaron a fili cewa wane yana nan, duk abin da ya dame ka faɗa masa, ni na sa shi.

Aikin darasi

Kafin zama na gaba, kowa ya ɗauki kwalin magani ɗaya a gida, ya zauna da wani matashi ɗan gidan, su nemo lambar NAFDAC da ranar daina aiki tare, sannan ya zo da kwalin aji. Kowa ya bincika asibiti ko ɗakin gwaji mafi kusa da shi da ake gwajin sikila, da kuɗinsa, da ranakun da ake yi. A rubuta sunayen 'ya'ya ko ƙannen da ke hannunku masu shekara 10 zuwa 19, a gaban kowane suna a sa babban da kuke zaton yake kai wa damuwarsa. Inda kuka rasa abin rubutawa ku bar gurbin, da shi za mu fara tattaunawa.